Filasta a Kan Idon Waya

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Yau Maman Rejoice ta shigar mini da kotu cikin waya. Maƙwabciyata ce a nan Badariya, katanga ɗaya ta raba mu. Nas ce, kuma duk abin da ya shafi waya a hannunta yake. Ta ce tunda can Argungu aka tsare shi, ba za a riƙa kawo shi Birnin Kebbi duk zama ba. Alƙali yana nan, shi yana can gaban kyamara, dangi kuma kowa ya kalla daga gidansa. Na ce to, mun ga zamani, shari'a ma ta zama abin kallo.

Na ce mata in ina ganinsu ai su ma suna ganina. Ta yi dariya ta ce akwai wurin da ake dannawa a rufe. Na ce ni ban yarda da abin dannawa ba. Na tsufa ina koyar da yara a firamare, na san abin da aka ce an rufe sau da yawa a buɗe yake. Sai ta ciro filasta daga jakarta, ta yanka ta manne idon wayar.

"Shi ke nan Mama," in ji ta. "Ba sai an danna komai ba. Baƙi kawai za su gani."

Sai ga shi a kan benci, gandiroba tsaye a gefensa.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ɗan fari ne, ban taɓa faɗa da bakina ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Yana fita daga nono Yaya Baiwa, yayar Malam maigidana, ta ɗauke shi zuwa Argungu, can ya girma. In ya zo gaishe ni kaina a sunkuye yake, na amsa a gajarce, ina tsintar shinkafa ko ba tsakuwa a cikinta. Sai ya juya zai fita nake ɗaga ido. Haka uwata ta yi da nata, haka na tarar.

Yau na kalli fuskarsa son raina, ba wanda ya gan ni. Ashe kunnuwan mahaifina ne da shi. Ashe har furfura ta fara fito masa a gemu. Na ji kunya ni kaɗai a ɗaki, na kuma ji daɗi, Allah ya yafe mini.

An karanta abin da suke cewa ya yi a fadamar Zauro, ranar da aka yi rigimar ruwa, aka tsinci Labbo mai gonar kusa da tasa kwance a bakin rami da rauni a ƙeya. Ya ce bai aikata ba. An ɗaga zuwa jibi.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Wa ya gaya wa 'yan sanda yana gidan Yaya Baiwa? Ruwa ba ya tsami banza.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau na lura da 'yan akwatunan. A ƙasan hoton alƙali akwai jerin baƙaƙen akwatuna, kowane mai kallo da nasa. Wasu da suna, wasu sunan waya kawai. Mutane sun ɓuya a cikin duhu suna kallon ɗan mutane, ba sallama ba gaisuwa. A kotun gaske ai kana ganin wanda ya zo, ka san mai jaje ka san mai tsegumi.

Akwai guda da aka rubuta Tecno. Na shiga da wuri na tarar da shi, an tashi kowa ya watse yana nan. Ranar Litinin ma haka. Wannan ba mai wucewa ba ne.

Na san ni ma baƙin akwati ce. Amma ni da dalilina.

Kafin alƙali ya shigo kyamara tana buɗe, sun manta ko ba su damu ba. Na ga lauyanmu, Barista Kalilu, ya jingina da teburin mai gabatar da ƙara suna dariya har da tafawa. Ɗayan ya miƙa masa goro ya karɓa. Alƙali na shigowa kowa ya ɗaure fuska kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Na gaya wa Malam da ya dawo daga makaranta. Ya ce haka aikinsu yake. Malam ya ce shi ba zai kalla ba, wai kotu ba majigi ba ce. Amma kullum sai ya tsaya a bakin ƙofata yana gyaran takalmi har na gama ba da labarin da bai tambaya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Na je suna a bayan layinmu. Ina shiga hira ta mutu, sai gaisuwa mai tsawo da "ya muka ji da haƙuri". Wata ta yi sauri ta kife wayarta a cinya, amma na riga na gani. Hotonsa ne a kan bencin nan, wani ya ɗauka daga cikin zaman kotu yana yawo a waya.

Ɗaya daga cikin baƙaƙen akwatunan ne. Na ci tuwon sunan don kada a ce, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Maman Rejoice ta san ranar kowane zama tun kafin lauya ya kira mu. Ta yaya?

Lahadi, 13 ga Afrilu, da hantsi

Yaya Baiwa ta zo daga Argungu da busasshen kifi a leda, ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Ke Fadimatu, mi kika jira? Ɗan ga ni na goye shi, amma ke kih haihe shi. Shina can shina ramewa, ke kina nan kina kunya."

Na ce, "Yaya, mi zan yi?"

"Ranar da abin ga yaf faru ai yaz zo gaishe ki. Lauya ya ce da la'asar anka yi rigimar. Ki ce da la'asar yaz zo, magana ta ƙare. Wa za shi ƙaryata uwa a kan ɗan fari? Kowa ya san ba ki kare shi ko da wasa."

Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ko ba da la'asar na ba?"

Na ce da la'asar ne.

Ya zo ranar, wannan gaskiya ne. Ya yi sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa, na amsa, ya tashi ya tafi. Ban duba agogo ba, wa ke duba agogo don gaisuwa? Da la'asar ne.

Kifin yana nan a rataye, ban taɓa ba.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

An kawo Tamba, mai kula da injin ban ruwa. Ya ce ruwan na Labbo ne a ranar, ɗan nan kuma ya zo ya karkatar da bututun zuwa gonarsa don shinkafarsa ta fara ƙonewa. Ya ce ya ji cacar baki, ya tafi neman fetur, ya dawo ya tarar da Labbo a ƙasa. Duk maganar nan bai ɗaga ido ya kalli kyamara ba sai murza hula yake yi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Me ya kai shi neman fetur daidai lokacin?

Ɗan nan kuwa yana zaune, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. In sabis ya yi rauni hoton yakan tsaya cak, fuskarsa ta daskare a wayar. Ni ban ƙi hakan ba.

Tecno yana nan.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan azahar

Barista Kalilu ya zo har gida. Ya zauna a zaure da Malam, ni ina daga bayan labule. Ya ce masu ƙara suna da bidiyo, wani ya ɗauka daga nesa da waya, za a nuna mako mai zuwa. Ya ce kada mu damu, ba a ga fuska ba, bayan mutum ne kawai da shuɗiyar riga, kuma rabin manoman Zauro shuɗiyar riga ce da su. Ya ce yanzu ma da kwamfuta ake haɗa irin wannan, a sa mutum ya yi abin da bai yi ba.

"Abin da ya rage shaidar Hajiya ce," in ji shi. "Daga ɗakinta za ta bayar, ta waya. Za ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani, ta faɗi lokacin da ya zo. Magana biyu ce."

Da ya tafi Malam ya tsaya naɗe tabarma. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malama, wanda duk yad dahwa Alƙur'ani shi san abin da yad dahwa."

Na ce na sani, ba yau na fara karatu ba.

Me yake nufi? Ɗansa yake zargi ko ni? Ranar da abin ya faru Malam yana gida. Yana tsakar gida ma, da buta a hannunsa. Ban tambaye shi alwalar wace salla yake yi ba, shi ma bai faɗa ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da asuba

Da la'asar ne.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Ba zama yau, hutun Ista. Maman Rejoice ta aiko da shinkafa da kaza kamar kowace shekara. Na karɓa na yi godiya, na ba yaran makarantar Malam. Jiya na ga ta fita da jakar aikinta alhali ranar hutu ce, mai babur ya ɗauke ta suka yi hanyar Zauro. Ido dai na sa.

Zafi ya yi yawa, filastar ta fara ɗagowa a gefe. Na danne ta da farce.

Laraba, 23 ga Afrilu, kafin magariba

An nuna.

Hoton ƙarami ne, yana rawa, mai ɗauka yana nesa. Koren shinkafa, rami, mutum biyu. Na ce bari in goge gilashin wayar in gani da kyau, in ga inda suka haɗa ƙaryarsu. Na goge da bakin mayafina.

Mai shuɗiyar riga ya ɗaga shebur. Ba zan rubuta wannan ba. Bayan haka ya tsaya, ya yar da shebur ɗin, ya juya ya bi kunyar gona yana tafiya.

Kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka. Kan a ɗan karkace, kamar mai sauraron abu daga nesa. Ya yi taku kaɗan sai ya kai hannu ya shafa ƙeyarsa. Tun yana ɗan yaye da Yaya Baiwa ta riƙe hannunsa suka fita daga gidan nan haka ya yi. Haka ya yi ranar da ya zo sallamar tafiya makaranta, haka ya yi ranar da ya kawo mini matarsa. Barista ya ce bayan mutum ne kawai. Ni duk abin da na mallaka na ɗan nan bayansa ne.

Ban san na yi wani sauti ba. Sai na ga a jerin baƙaƙen akwatunan akwai guda mai haske, wata tsohuwa a ciki ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe, hawaye har haɓa. Na ce wace ce wannan ta zo tana tona wa kanta asiri. Sai na gane mayafin. Filastar tana manne a bakinsa.

Magatakarda ya ce, "Hajiya mai wayar nan, ana ganinki."

Ɗan nan kuma ya ɗago. A can ma akwai allo a gabansa, ban taɓa tunanin haka ba. Ya dube ni, na dube shi. Ban iya sunkuyar da kai ba, shi ma bai kawar da ido ba. Duk abin da na gani a bidiyon nan yana rubuce a fuskata, ya kuwa karanta.

Na kife wayar a kan tabarma.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da asuba

Kaji sun riga sun shiga akurki lokacin da ya yi sallama ranar. Ladan yana gyaran murya. Ƙafar wandonsa jiƙe take.

Alhamis, bayan azahar

Ban dafa komai ba. Malam ya sayo ƙosai, bai tambaye ni dalili ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Na rasa wanda zan huce a kansa sai Maman Rejoice. Na leƙa ta katanga na ce filastarta ta banza ce, ko da gangan ta ba ni marar danƙo. Na ce kuma na ga inda take zuwa ran Lahadi, ta faɗa mini wa take kai wa labarin gidana.

Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi. Ta zagayo ta shigo ta zauna a kan turmi.

"Mama, gidan Labbo nake zuwa. Tun da aka sallamo shi daga asibiti ni nake wanke masa ciwon kwanciya. Ba ya magana, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi. Ban gaya miki ba don na san ba za ki so ji ba."

Na ce to hoton da ke yawo fa.

"Wannan ban sani ba, mutane da yawa suna kallo. Amma matarsa ta roƙe ni in sa mata kotun a waya, na sa mata kamar yadda na sa miki. Ita ce take shiga tun da safe don ba ta iya shiga da kanta, sai na shigar da ita kafin in tafi aiki. Ba ta san yadda ake fita ba kuma, sai caji ya ƙare. Takan riƙe masa wayar a gaban fuskarsa ya kalla."

Na ce wace irin waya ce da ita. Ta ce Tecno.

Mako biyu ke nan ina tsine wa akwatin nan bayan kowace salla.

Ta ce, "Ranar Laraba ta gan ki. Ta tambaye ni wace ce, na faɗa mata. Ta ce dai Allah sarki."

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Yaya Baiwa ta kira. Barista ya kira, ya ce kukan da na yi ba komai, kowace uwa za ta yi, zai ma taimaka. Jibi ne zan ba da shaida. In na ce la'asar, wataƙila ya dawo gida ya girbe shinkafarsa. In na ce magariba, ni na rufe shi da bakina. In na ce ban tuna ba, na tuna.

Ban taɓa yi masa komai ba. Ban goye shi ba bayan yaye, ban kai shi makaranta ba, ban taɓa zuba masa abinci da hannuna na ce ci ba. Abu ɗaya aka taɓa roƙona dominsa, shi ne wannan.

Ina tsoron Allah. Ina kuma son ɗana, yau na rubuta.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Na yi alwala tun da hantsi. Malam da kansa ya kawo Alƙur'aninsa ya ajiye a kan sallaya, ya zauna a bakin ƙofa, yau bai yi kamar yana gyaran takalmi ba. Maman Rejoice ta jingina wayar da kwano ta fita. Wallahi har lokacin ban san abin da zan faɗa ba.

Barista Kalilu ya miƙe ya ce yana kiran shaidarsa ta farko, mahaifiyar wanda ake tuhuma. Kafin magatakarda ya buɗe baki sai muryarsa ta fito daga can Argungu, tana ɗan yankewa.

"Ranka shi daɗe, ina da magana."

Barista ya juya yana yi masa alama da hannu ya zauna. Alƙali ya ce ya bi ta bakin lauyansa. Bai zauna ba.

"Kar a kira tsohuwag ga. Kar a sa ta dahwa komi. Ni na cikin hoton ga. Ni na bugi Labbo."

Alƙali ya tambaye shi ko ya san nauyin abin da yake faɗa, ko wani ya tilasta shi. Ya ce ya sani, ba wanda ya tilasta shi. Barista ya zauna ya cire tabarau yana murza ido. Na zarge shi da cin goron abokan gaba, ashe shi ma da gaske yake yi.

Malam ya tashi ya ɗauki Alƙur'anin, ya sumbace shi, ya mayar cikin gafaka.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Yaya Baiwa ta ce ni na kashe shi da ido, shekara da shekaru ban dube shi ba sai ranar da dubana zai cuce shi. Na bar ta ta gama. Ita ta goye shi, tana da haƙƙin faɗa.

Na sauke kifin nan na yi miya, na ba Maman Rejoice ta kai Zauro. Na ce kada ta faɗi daga inda ya fito. Ta ce ai za su gane. Na ce to su gane.

Talata, 6 ga Mayu, bayan azahar

Yau aka yanke. Maman Rejoice ta zo da sabuwar filasta mai danƙo, na ce ta mayar jakarta. Na sa mayafina mai kyau, na zauna inda haske yake.

Saboda hoton da ya yi yawo, alƙali ya ce daga yau duk mai kallo sai ya buɗe fuskarsa ya faɗi ko shi wane ne, in ba haka ba a fitar da shi. Nan da nan akwatuna suka yi ta ɓacewa kamar an watsa wa kaji ruwa. Tecno ya buɗe. Wata mata ce siririya, ba ta kai ni shekaru ba, a gefenta mutum kwance a kan katifa idonsa biyu. Ta faɗi sunanta a hankali.

Magatakarda ya zo kaina. "Hajiya, wace ce?"

Malam yana bakin ƙofa. Yaya Baiwa tana nata akwatin daga Argungu. Duk wanda ya rage yana ji.

Na ce, "Uwar Zulkifli ce."

Ya runtse ido a kan bencin. Da ya buɗe ina nan, ban sunkuya ba.

Alƙali ya daɗe yana karatu. Ya ce ya duba cewa ya amsa da bakinsa, ya kuma duba halin da Labbo yake ciki. Ya faɗi shekarun. Ba zan rubuta su ba, Malam ya riƙe, ni dai na san zan yi ta addu'ar in kai ranar fitowarsa. Duk tsawon karatun fuskarsa nake kallo, kunnuwan nan, furfurar nan, shi ma yana kallona.

Gandiroba ya taɓa kafaɗarsa ya miƙe. Da ya juya zai fita sai na kife wayar. Bayansa dai na gan shi iya gani.